Shin kwalejojin 'yan asalin ƙasa irin na Kanada da Amurka za su yi amfani a Abuja?

Baban Hanifa, Gwagwalada

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni malamin sakandare ne, kuma shekarata 14 ina koyar da ilimin aikin gona a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Kwali, inda mafi yawan ɗalibaina 'ya'yan Gbagyi ne, wato Gwari, da Ganagana da Bassa, sai 'yan Fulani kaɗan da ke zuwa daga rugagen da ke kewaye. Wani abu ne ya faru a gabana a kakar bara, wanda har yau ya ƙi barin zuciyata, shi ya sa na kawo shi gaban masana.

Wani tsohon ɗalibina ya kammala digiri a fannin aikin gona, ya dawo gida ana murna, ni ma aka gayyace ni. Lokacin ana tsakiyar haƙar doya, sai kakansa ya sa aka shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya jera doya guda bakwai a kai, ya ce wa jikan ya faɗi sunan kowace, da irin ƙasar da take so, da wadda ke jure ajiya har bazara. Yaron ya kawo sunan doya na kimiyya, ya yi bayanin taki da cututtukan da ke kama ta, kuma duk abin da ya faɗa daidai ne, amma a idonsa doyar nan kashi biyu ce kawai, fara da rawaya. Tsohon ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunayensu da Gbagyi, yana nuna wadda ake fara ci, da wadda ake kaiwa kasuwa, da wadda ba ta son ƙasa mai riƙe ruwa. Da ya gama sai ya juyo gare ni ya ce da Hausa, “Malam, kun karɓi yaro mai ido biyu, kun dawo mana da shi da ido ɗaya.” Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma na koma gida jikina a sanyaye, domin ni ne na fara koya wa yaron nan aikin gona daga littafi, kuma ban taɓa tambayar kakansa komai ba.

Na sha jin cewa a Amurka da Kanada akwai kwalejoji da jami'o'i waɗanda mutanen da Turawa suka tarar a ƙasashen suka kafa wa kansu, inda ake haɗa ilimin zamani da harshensu da sanin kakanninsu. Ina roƙon wanda ya san su da kyau ya yi mana bayanin yadda suka samo asali, da wanda ke ɗaukar nauyinsu, da kuma ko takardar shaidarsu tana da daraja a wajen neman aiki. Tambaya ta biyu, wadda ta fi damuna, ita ce ko irin wannan makaranta za ta dace da mutanen da aka gina Abuja a kan gonakinsu, ko kuwa za ta zama wata sabuwar hanyar raba kan jama'a ce kawai.

Hajiya Maman Walid, Gwarinpa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka kawo wannan tambaya. Na yi karatun digiri na biyu a birnin Regina da ke lardin Saskatchewan na Kanada, kuma jami'ar 'yan asalin ƙasar tana harabar da na yi karatu, saboda haka zan faɗi abin da na gani da abin da na karanta.

Ba za a fahimci waɗannan makarantu ba sai an san ciwon da ya haife su. A Kanada an shafe fiye da shekara 100 gwamnati da majami'u suna ɗauke yaran 'yan asali daga hannun iyayensu suna kai su makarantun kwana, inda ake hukunta yaro idan ya yi magana da harshen uwarsa. An ƙiyasta cewa yara kusan 150,000 ne suka ratsa waɗannan makarantu, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshensu. Hukumar gaskiya da sasantawa da ta binciki lamarin ta fitar da shawarwari 94 a shekarar 2015, da dama daga cikinsu a kan ilimi da harshe. Saboda haka a wurin waɗannan mutane kalmar makaranta kanta ta daɗe tana nufin wurin da ake raba yaro da gidansu.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Blue Quills a lardin Alberta. Ita ma makarantar kwana ce irin waɗancan, kuma da gwamnati ta yi niyyar rufe ta ta watsa yaran cikin makarantun gari, sai iyaye suka shiga ginin a 1970 suka yi zaman dirshan, suka ce ba za su fita ba sai an miƙa musu ragamar makarantar. Gwamnati ta sakko, makarantar ta koma hannunsu, kuma a yau jami'a ce da ake koyar da harshen Cree a cikin ginin da aka taɓa hana yara furta shi. A 1972 ƙungiyar shugabannin 'yan asali ta ƙasar ta fitar da takardar manufa wadda ta nemi a bar musu iko da ilimin 'ya'yansu, sannan a 1976 aka buɗe kwalejin da na ambata a Regina, wadda aka sauya mata suna zuwa First Nations University of Canada a 2003.

A Amurka al'ummar Navajo ce ta fara, da ta kafa kwalejinta a 1968 a jihar Arizona, wadda yanzu ake kira Kwalejin Diné. An tsara harabarta da ke Tsaile a zagaye, bisa siffar ɗakinsu na gargajiya. Wasu al'ummomi suka bi sahu, irin su Lakota a jihar Dakota ta Kudu, har kwalejojin suka kafa ƙungiyarsu a 1973, majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar ba su tallafi a 1978, sannan a 1994 aka saka su cikin jerin makarantun da ke samun kuɗin binciken noma da wayar da kan manoma. Yanzu sun haura 30, kuma mafi yawansu suna cikin yankuna masu nisa da birane, inda da ba don su ba, uwa mai goyo ko magidanci mai iyali ba zai taɓa iya zuwa babbar makaranta ba.

Game da darajar takarda, Malam, hankalinka ya kwanta. Kwalejojin Amurka suna bi ta hannun hukumomin tantancewa iri ɗaya da sauran kwalejoji, ita kuwa ta Regina digirin da ɗalibinta ke karɓa na Jami'ar Regina ne, domin a haɗe suke. Ana karanta aikin jinya da koyarwa da kasuwanci da aikin kula da jin daɗin jama'a kamar ko'ina. Kuma ƙofarsu a buɗe take ga kowa, ni kaina na ɗauki darasi guda a can tare da Turawa da 'yan Indiya da wani ɗan Gana.

Abin da na gani da idona wanda ya bambanta su shi ne matsayin dattawa. Akwai ofishin dattawa a cikin ginin, ana biyan su, ɗalibi yana shiga ya zauna ya yi tambaya a kan harshe ko magani ko damuwar da ke ransa, kuma malami mai digirin digirgir yana gayyatar tsohuwar da ba ta da takardar komai ta zo aji ta yi bayani, a saurare ta kamar yadda ake sauraron farfesa. Da kakan ɗalibinka a can yake, da an ba shi kujera da albashi, da doyarsa bakwai sun shiga manhaja.

Ka ƙara da Niyu Zilan, inda wasu al'ummomi uku na Maori, 'yan asalin ƙasar, suka duba a 1975 suka ga babu wani ɗansu ɗan ƙasa da shekara 30 da ke iya hira da harshensu, sai suka tsara shirin shekara 25 don farfaɗo da shi, wanda daga cikinsa aka haifi makarantar Te Wānanga o Raukawa a garin Ōtaki a 1981. Yanzu irinta uku ne da doka ta amince da su. A arewacin Norwe kuma akwai kwalejin mutanen Sami, 'yan asalin yankin, a garin Kautokeino tun 1989, wadda harshen Sami ne harshen aiki da koyarwa a cikinta, har da darussa a kan kiwon wata irin barewa ta ƙasashen ƙanƙara da suke bi da ita makiyaya kamar yadda Fulani ke bin shanu. A mafi yawan waɗannan wurare, abin da na lura shi ne mutanen da kansu ne ke zaɓar hukumar gudanarwa, su ne ke yanke abin da za a koyar. Ware wa 'yan wata ƙabila guraben karatu a jami'ar da wasu ke juyawa wani abu ne dabam.

Abu Sumayya, Nyanya

Hajiya, Allah ya ƙara ilimi, bayaninki ya gamsar. Sai dai ina neman afuwa, domin zan ja da rabin tambayar Malam na biyu, kuma ina da dalili. A Jos aka haife ni, a can aka haifi mahaifina, kuma ina saurayi lokacin rikicin watan Satumban 2001. Duk wanda ya rayu a garin nan ya san irin jinin da kalmomin “ɗan asali” da “baƙo” suka zubar, kuma ya san yadda takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma take iya hana yaro gurbin karatu ko tallafi ko aikin gwamnati a garin da aka binne cibiyarsa. Ni kaina na taɓa zarya wata huɗu a wani ofishi a kan takardar nan, daga ƙarshe aka ce in koma garin da kakana ya baro, garin da ban taɓa kwana a cikinsa ba.

A Kanada da Amurka iyakar a fili take, domin akwai mutanen da aka tarar, akwai kuma waɗanda suka tsallako teku suka ƙwace ƙasar. A nan kuwa kowace al'umma tana da labarin ƙaura, kowa ya tarar da wani, wani kuma ya tarar da shi. Lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙudirin haƙƙin 'yan asalin ƙasa a watan Satumban 2007, wanda sashe na 14 nasa ya ba su 'yancin kafa makarantunsu da harsunansu, Najeriya tana cikin ƙasashe 11 da suka yi rowar ƙuri'a. Amurka da Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan kuma su ne huɗun da suka ƙi amincewa a lokacin, ko da yake daga baya duk sun sauya matsayi. A fahimtata, fargabar ƙasashen Afirka da dama ita ce wa zai yanke hukuncin wane ne ɗan asali a nahiyar da kusan kowa zai iya da'awar haka.

Mun riga muna da tsarin da ke raba gurabe a jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a fannin ilimi. Idan aka ƙara da kwalejin ƙabila kaza, gobe kowace ƙabila cikin ɗaruruwan da muke da su za ta nemi tata, 'yan siyasa kuma za su mayar da abin kayan yaƙin neman zaɓe, a kafa allo a daji a yanka zare, shi ke nan. Ina tsoron zanen aro ne wannan, kuma ba zai rufe katara ba.

Duk da haka akwai gaskiyar da ya kamata mu Hausawa mu faɗa wa kanmu, tunda da Hausa muke wannan zance. Laifi tudu ne. Muna kukan Turanci yana cinye mana harshe, alhali a Filato da kudancin Bauchi da kudancin Kaduna da nan Abuja, Hausa ce ke shiga gidajen mutane tana korar harsunansu. Ina da abokai Berom da Afizere da Anaguta waɗanda 'ya'yansu ba sa jin komai sai Hausa da Turanci. Ita Hausa ana yin digiri har na uku a kanta, ana rubuta kundin bincike da ita a Kano da Zariya da Sakkwato. Idan har za a yi maganar wanda ke bukatar ceto, ba mu ne a sahun gaba ba.

Tsohon Magatakarda, Kubwa

'Ya'yana, na karanta abin da kuka rubuta, kuma kowannenku ya riƙe wani ɓangare na gaskiya. Na yi shekara 31 ina aikin gudanarwa a manyan makarantu kafin in yi ritaya, saboda haka zan tsaya a kan kuɗi da doka, domin a nan ne kyawawan manufofi suke mutuwa.

Hajiya ta ba da labarin nasara, amma ta san cewa jami'ar nan ta Regina ta kusa rufewa a 2010, lokacin da gwamnatin lardi da ta tarayya suka janye tallafinsu saboda rikicin shugabanci, wanda tushensa shi ne yadda sarakunan al'ummomin suka cika hukumar gudanarwa, siyasa ta shiga harkar ɗaukar ma'aikata da kashe kuɗi. Sai da aka rushe hukumar, aka kafa ƙarama, aka amince Jami'ar Regina ta riƙa kula da kuɗin na wani lokaci, sannan tallafi ya dawo. Duk wanda ya san yadda ake naɗa 'yan hukumar gudanarwa a ƙasarmu ya san cewa abin da ya faru a can zai iya faruwa a nan ninki biyu. A Amurka ma tallafin da dokar 1978 ta tanada ana lissafa shi ne bisa yawan ɗalibai 'yan asali kawai, saboda haka duk baƙon da suka ɗauka nauyinsa yana wuyansu, kuma ƙorafin ƙarancin kuɗi bai taɓa barin bakinsu ba.

Abin da ya fi burge ni a matsayina na ma'aikacin ofis shi ne dokar da lardin Ontario ya yi a 2017, wadda ta amince da cibiyoyin 'yan asali guda tara a matsayin rukuni na uku na ilimi mai zurfi, bayan jami'o'i da kwalejoji, ta kuma ba wata majalisa da 'yan asalin ke jagoranta ikon tantance ingancin darussansu. Wannan shi ne maganin matsalar da za ku ci karo da ita a nan. A tsarinmu, Hukumar Kula da Jami'o'i ce ke tantance digiri, hukumar ilimin fasaha da ke Kaduna tana kula da kwalejojin kimiyya da fasaha, ta kwalejojin ilimi kuma tana kula da masu horar da malamai, kuma kowace tana da mizanin takardun da dole malami ya mallaka kafin ya tsaya gaban aji. Ranar da 'yan tantancewa suka zo suka buɗe fayil ɗin ma'aikata, kakan ɗalibin Malam ba shi da layin da za a rubuta sunansa. Na sha zama a irin wannan ɗaki, na san tambayar farko da ake yi ita ce ina takardunsa.

Sai batun kuɗi. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, wanda aka kafa da dokar 2011 daga harajin ilimi da kamfanoni ke biya, makarantun gwamnati kaɗai yake tallafa wa. Idan al'umma ta kafa kwalejinta, a idon doka mai zaman kanta ce, sai ta dogara da kuɗin makaranta, wanda 'ya'yan manoman da aka gina ta dominsu ba za su iya biya ba. Idan kuma aka jira gwamnatin tarayya, ku tuna cewa a watan Agustan 2025 ta sanar da dakatar da buɗe sababbin manyan makarantunta har tsawon shekara bakwai.

Muna da wani gwaji na gida da ya kamata a duba. A 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya, mai hedikwata a Kaduna, aka kuma buɗe mata cibiyoyi a jami'o'in Jos da Maiduguri da Sakkwato, daga baya aka ƙara ta Fatakwal saboda 'ya'yan masunta. An yi aiki, an buɗe makarantun firamare a rugage, an rubuta littattafai da Fulfulde, amma ƙarfin shirin ya tsaya a matakin farko, kuma gwamnati ce ta tsara shi domin makiyaya, ba su suka tsara wa kansu ba. Ga shi Hajiya ta ce makiyayan Norwe suna da kwalejin da ke koyar da kiwo da harshensu.

Shawarata, Malam, ita ce a bar maganar sabon gini. Akwai Jami'ar Abuja tun 1988, akwai Kwalejin Ilimi ta Zuba. Abin da zai yiwu shi ne al'ummomin su haɗa kai su nemi a buɗe cibiya a cikin ɗayansu, da yarjejeniya a rubuce wadda ta ba su rinjaye a kwamitin da ke juya ta, a fara da takardar shaida ta shekara ɗaya ga malaman firamare a kan koyar da harsunan yankin. Ita ma ta Regina a jikin wata jami'a ta fara, kuma har yau a jikinta take.

'Yar Ushafa

Ina gaishe da iyayena da yayyena. Ni Gbagyi ce, malamar firamare a ƙaramar hukumar Bwari, kuma na daɗe ina karanta wannan zance kafin in sa baki, domin a kanmu ake magana.

Yaya Abu Sumayya, na ji zafin abin da ya same ka, kuma ba na fatan a yi wa kowa haka a Abuja. Amma ina roƙonka ka duba bambancin halin da muke ciki. Dokar soja mai lamba 6 ta 1976 ce ta mayar da ƙasarmu Babban Birnin Tarayya, gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamban 1991, kuma tsarin mulki ya damƙa dukkan filayen yankin a hannun gwamnatin tarayya. Kai da aka ce ka koma garin kakanka, aƙalla akwai jihar da ake nufi, mai gwamna da majalisar dokoki da jami'ar jiha da hukumar ba da tallafin karatu. Mu ba mu da gwamnan da muka zaɓa, ba mu da majalisar jiha, minista ake naɗa mana, sanata ɗaya gare mu da 'yan majalisar wakilai biyu, kuma babu wani gari da za a ce mu koma. Ban ce mun zama daidai da mutanen Kanada ba, domin ba a ƙwace mu daga hannun iyayenmu ba, amma idan akwai wurin da misalinsu ya yi kusa da dacewa a ƙasar nan, to nan ne.

Na gode da ka faɗi gaskiya game da Hausa. A ajina akwai yara 63, fiye da rabinsu iyayensu Gbagyi ne, amma da na ce su ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin da harshenmu, tara ne kawai suka kai ƙarshe. Wata yarinya ta rufe baki tana dariya ta ce ita ba ta yin gwaranci. Kalmar nan a kasuwa ta tsince ta, kuma ta riga ta koya mata cewa harshen uwarta shi ne sunan maganar da ba ta fita daidai. Ba na jin haushin kowa, ga shi da Hausa nake rubuta muku, kuma ina son ta, amma ina so masu ita su san nauyin kalmar idan ta faɗo a kunnen yaro.

Ku ciro naira 20 daga aljihu ku juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilarmu, wadda ta koyi sana'ar a hannun gwaggonta tun tana yarinya. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, ta zama mace ta farko a wurin, ta haɗa ginin hannu irin namu da gashin zamani mai sheƙi, aka kai ta Ingila da Amurka tana nuna wa ɗaliban jami'a yadda ake yi. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Bisa mizanin da Baba Magatakarda ya bayyana, matar da hotonta ke kan kuɗin ƙasa ba za ta samu layi a fayil ɗin ma'aikata ba. A garinmu Ushafa har yau akwai mata masu wannan sani, suna gane yumɓu mai kyau da taɓawa, suna tsufa, 'ya'yansu kuma suna sayar da katin waya a bakin titi.

Na yarda da shawarar Baba cewa a fara da cibiya, amma da sharaɗi biyu. Kada a rufe ƙofa ga kowa, ɗan Hausa ko ɗan Ibo da aka haifa a Kubwa ya zo ya koya idan yana so, kuma kada a tambayi kowa takardar asali a bakin ƙofa. Sannan kada ta zama ta Gbagyi kaɗai, domin akwai Gwandara da Gade da Koro da Bassa da Ganagana da Egbura, kuma mu da muka fi yawa za mu iya yi musu abin da muke kuka ana yi mana.

Baban Hanifa, Gwagwalada

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya bar zumunci. Baba Magatakarda, ina da ƙarin tambaya: idan makarantar sakandare ta gayyaci dattijo ya riƙa zuwa darasin aikin gona na gwaji sau ɗaya a mako, shin akwai hanyar da za a biya shi ta kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai ba tare da an saɓa ƙa'ida ba, ko kuwa sai an nemi izini daga hukumar ilimin sakandare? Na yi magana da shugaban makarantarmu jiya, bai ƙi ba, amma ya ce in kawo masa a rubuce.

Malama 'Yar Ushafa, ranar Asabar zan koma wurin tsohon nan da littafi da waya in ɗauki sunayen doyar da muryarsa, tare da jikan nasa, wanda shi ne ya fara neman mu je. Matsalata ita ce ban iya rubuta Gbagyi ba, kuma na lura akwai sautuka a farkon wasu sunayen da haruffan Hausa ba za su kama su ba. Idan kin san wani malami a ɓangaren Kwali ko Gwagwalada da ya iya ƙa'idar rubutun, ki taimaka ki haɗa ni da shi kafin ranar, domin tsohon ya ce da hantsi zai tafi gona, ba zai jira mu ba.